Gorar Jonah

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Jonah ɗan Mama Prisca ya dawo daga Legas da wata gora. Ba irin tamu ta masunta ba, ta roba ce, ruwan ɗorawa, da faifan sola a ka kamar an kifa mata faranti, ga wata doguwar waya tana reto a gindi. Wai a wajen binciken teku da yake aiki suka haɗa ta. In an jefa ta a ruwa za ta riƙa auna zafinsa da iskar da kifi ke shaƙa, ta turo masa a waya yana kwance a gado.

Na ce, "Jonah, teku a Gwaram? Ko a jaka ka taho da shi?"

Ya ce, "A kimiyyance, Mika'ilu, in ta yi aiki a tafkinku za ta yi a ko'ina."

A kimiyyance! Mutumin da muka yi satar mangwaro tare ya faɗo wandonsa ya yage har baya. Yanzu magana ta hanci, ana tura tabarau da ɗan yatsa. Kafin ya sha kwanar layi na ɗauke muryarsa tsaf, ina kwaikwayonsa. Mama Prisca ta ji ni ta tagar shagonta, ta jefo ni da murfin bokiti tana dariya har da hawaye. Ta ce in zo in ci shinkafa, ɗan banza.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na kira Khuzaima mai shayi da muryar surukinsa, na ce ya zo Zandam yanzu-yanzu. Ya rufe tebur ya hau mashin, a wannan zafin ranar. Har yanzu bai san ni ne ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

An saka gora a tafkin Maikada. Sai da aka je wajen Sarkin Ruwa, Baba Ubaidullahi, don tafkin a rufe yake, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar su, wato kamun kifin gayya, ranar da mu 'yan Dungu da mutanen Kwandiko za mu faɗa tare. Baba ya juya gorar, ya shinshina, ya ce ai wannan ba taru ba ce, a saka.

A kwalekwalen marigayi babanmu na kai shi tsakiya. Hanya duk labarin teku. Wai ruwan yana ɗumama, kifi yana guduwa, akwai garuruwan da teku ya cinye musu gidaje har da maƙabarta. Wai kogin namu ma ba teku yake zuwa ba, Tafkin Chadi yake nufa, shi ma yana ƙafewa. Ya ce in aka san halin ruwa tun da wuri, jikokinmu ma za su ci tarwaɗa a nan. Na ce ni ko matar ban samu ba tukuna.

Da muka kusa gaɓa sai na ɗan girgiza jirgin. Kaɗan fa. Malamin teku ya rungume gefe yana kiran Yesu, wayarsa saura ƙiris ta bi ruwa. Ga 'yan mata suna wanki. Ya miƙe ya ce, "Kai ba za ka taɓa zama mutum ba. Aku ne kai, aku kawai."

Lailatu mai talla, tana cikin masu wankin, ta yi dariya. Ita ce ta fi kowa ma.

To, aku.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Yau na yi wanda ya fi duka. A majalisar mai shayi, bayan la'asar, na karɓi wayar wani na danna ɗaukar murya, na toshe hanci ɗaya:

"Hello Oga, Jonah ne. A kimiyyance, kifin Dungu ya cika haihuwa. Gorar ta fara sakar masa maganin tazarar iyali. Wanda ya ƙi sha zai mutu. Masu cin kifin ma, Oga, a kimiyyance, su ma za su huta."

Khuzaima ya faɗo daga benci. Wani kuma sai da shayi ya fito masa ta hanci. Aka yi ta maimaitawa, kowa na cewa a tura masa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na je tashar Gwaram kai wa Inna saƙo, sai na ji kaina a wayar wani kwandasta da ban taɓa gani ba. Mutane sun kewaye shi. An yanke wajen da muke dariya, muryar ce kawai. Ba wanda ya yi ko murmushi. Wani dattijo yana ta salati, yana cewa dama an faɗa.

Na so in ce ni ne. Amma wallahi daɗi na ji. Har tasha!

Litinin, 21 ga Afrilu

Kifi ya mutu.

Da hantsi yara suka shigo da gudu. Muka je. Tafkin fari fat, ciki sama, ƙarfasa, kurungu, tarwaɗa manya da ake ta tanadi tun kaka, har 'yan mitsi-mitsin da ba su kai ɗan yatsa ba. Kwaɗi ma. Wata balbela ta ci ta faɗi a gefe tana shure-shure. Gorar Jonah kuwa tana tsakiya tana ƙyafta 'yar koriyar fitilarta.

Abin da ban gaya wa kowa ba: bayan sallar asuba na zaga bayan gida, na ga Yaya Ikrima yana jera kifi a banda, buhu a jiƙe a gefensa. Hannunsa warin maganin feshin wake. Na san warin, ni nake goya masa tankin feshi a gona. Ya dube ni na dube shi. Na ce, "Yaya, su ɗin ya matso kusa ne ban sani ba?" Bai yi dariya ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Ban san ta inda zan fara ba.

Jonah ya zo da safe a kan mashin, da 'yan kwalabe zai ɗebi ruwa ya ga abin da ya kashe kifin. Shi kaɗai, ko tsoro babu, yana gaishe da mutane da sunansu. Ya durƙusa a gaɓa kenan aka kewaye shi. Wani ya kunna muryar ya kanga masa a kunne.

Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Wannan ba ni ba ne."

Yaya Ikrima ne ya fara. Shi ya fi kowa ihu. "Ka kashe mana kifi, ka zo kashe mana zuriya!" Ya ɗaga filafilin jirgi ya sauke masa a gefen fuska. Na ji ƙarar, kamar an fasa kabewa. Tabarau ya tarwatse a idon. Daga nan ban san hannun wa da wa ba. Kulki, sanda, ƙotar fartanya, wani da dutse. Ya kare kansa da hannu, hannun ya lanƙwashe ta inda ba gwiwa. Suka ja shi ta ƙafa cikin taɓo, cikin mataccen kifi, suna danna kansa a ruwa suna cewa sha maganin naka. Yana fitowa yana aman taɓo yana cewa, "Baba, Baba ka san ni."

Baba Ubaidullahi ya zo da ƙyar da sandarsa, ya kwanta a kansa. Tsoho da shi ya sha biyu a gadon baya kafin su ja da baya.

Wasu suka shiga ruwa suka jawo gorar, suka farfasa ta da gatari, suka cinna wa robar wuta. Hayaƙi baƙi, wari har cikin gari.

Ni ina tsaye jikin giginya. Ina nan tun farko. Lokacin da ya ce ba shi ba ne, ya waiga yana neman wani, idonsa ya tsaya a kaina. Lokacin yana da ido biyu.

Khuzaima da duk 'yan majalisar da suka san ni ne, ko ɗaya bai ɗago kai ba. Ni ma haka.

An sa shi a bayan a-kori-kura an tafi Birnin Kudu.

Laraba, 23 ga Afrilu

Na samu Yaya a bayan gida yana ɗaure kwalin bandar da za a kai mota. Ban yi niyyar cewa komai ba, bakina ne. Na ce, "Kifin nan ba ya hana haihuwa, ko?"

Ya shaƙe ni ya haɗa da bango, ƙafata ta bar ƙasa. Ya sa bakinsa a kunnena: "Murfi biyu na zuba, murfi biyu kawai, don su taso. Ban san zai kashe duka ba. Kai ka ba su sunan wanda za su daka, ba ni ba. Ka buɗe baki, su fara da kai." Ya buga kaina da bango ya sake ni. Inna ta leƙo ta ce me ake yi. Ya ce wasa muke.

Da yamma mutanen Kwandiko suka tsallako, sun ce rabonsu ya mutu a hannunmu, tunda mu muka bari aka sa gora. Aka kaure a gaɓa. An sare wa wani yaro kunne, an ƙona jirage biyu, namu na ciki. Da ƙura ta lafa sai duk suka haɗu a kan magana ɗaya: laifin gidan su Jonah ne. Wai a shagon uwarsa aka ɓoye sauran maganin, kuma tana zubawa a man gyaɗan da take sayar wa mata.

Wannan ba ni na faɗa ba. Wallahi ba ni ba ne wannan.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Na je asibitin Birnin Kudu. Na ce wa Inna ƙugiya zan sayo.

Kansa duk bandeji, hannu a sanƙame cikin filasta, leɓe kamar an hura. Mama Prisca ta fita neman ruwan zafi. Na tsaya a ƙafar gado na ce, "Malamin teku, ya ruwa?"

Sai ya ce, "Ka ja 'kimiyyance' ɗin da yawa. Ni ba na ja haka."

Na ce ai an fara koya ne. Ban san me ya sa na faɗi haka ba.

Ya ce 'yan sanda sun zo sun tambaye shi ko ya san mai muryar, ya ce bai sani ba. Na ce don me. Ya ce, "Don na ga abin da suke yi wa mutum." Ya yi tari, da jini. Likita ya ce idon hagu ba lallai ya tsira ba.

Ya ce, "Mika'ilu, Mama za ta koma gida gobe, ta ce ba za ta bar shago a rufe kamar mai laifi ba. Na yi na yi ta ƙi. Me ake cewa a gari?"

Na ce ba komai.

A bakin ƙofa na yi karo da ita da flas a hannu. Ta kama kumatuna ta ce na rame, ta ce Allah ya yi min albarka da na zo, duk Dungu ni kaɗai na zo. Ta tura min biredi a aljihu.

A mota na ba wani yaro biredin. Na kasa ci.

Juma'a, 25 ga Afrilu, da safe

Sun ce bayan an sauko daga masallaci za su ƙona shagon Mama Prisca. Na ga jarkar fetur a zauren su Khuzaima an rufe da buhu. Na je gidan Baba Ubaidullahi, yana kwance rub da ciki, bayansa ya kumbura, ko zama ba ya iyawa. Na je gun Mama Prisca na ce ta rufe ta tafi. Ta ce, "A garin nan na binne mijina. Wa zai taɓa ni, 'ya'yan da na goya?" Ta ci gaba da ƙulla sukari a leda.

Asabar, 3 ga Mayu

Yau na iya riƙe alƙalami. Baki kuwa an ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya, kunu nake zuƙa ta bututu. Ni! Nas ɗin ta ce tunda take ba ta ga mara lafiya mai shiru kamata ba. Da ta sani.

Bari in rubuta yadda aka yi.

Ana sallamewa suka nufi layin shagon, 'yan Dungu, 'yan Kwandiko, da 'yan kallo da ba su san ma me ake ba. Yaya a gaba da jarka. Mama Prisca ta fito ta tsaya a ƙofa da zaninta na coci. Wani ya jefe ta da dutse ya fasa mata goshi. Ba ta matsa ba. Suka fara watsa fetur a kan rumfa, a kan buhunan gari, har ya fantsar mata a ƙafa. Ina jin wani yana cewa wa ke da ashana.

Akwai mai tallar maganin basir da ke kafa baro a bakin masallaci duk Juma'a. Ban yi shawara da kaina ba. Na fizge lasifikarsa na haye baron, kwalabe suna zubewa, na toshe hanci ɗaya.

"Hello Oga, Jonah ne. A kimiyyance..."

Kowa ya waiga yana neman Jonah. Na yi ta har ƙarshe, kalma ba ta faɗi ba. Wasu suka fara dariya, don sun saba in na buɗe baki dariya ake. Na ce, "Ni ne. Ni na yi a teburin Khuzaima, ga shi nan ku tambaye shi." Wani ya ce ƙarya ne, Kiristoci sun saye shi. Sai na yi musu Baba Ubaidullahi yana cewa gora ba taru ba ce. Na yi musu liman. Na yi wa Khuzaima surukinsa, ya saki baki.

A nan ya kamata in tsaya. Sai wani ɗan Kwandiko ya ce, "To wa ya kashe kifin?"

Na dubi Yaya. Ya girgiza min kai a hankali, jarkar tana hannunsa. Na dubi ƙafar Mama a jiƙe da fetur.

Na saukar da murya, na shaƙe ta yadda yake yi in ya fusata. "Murfi biyu na zuba, murfi biyu kawai, don su taso. Ban san zai kashe duka ba."

Ba wanda ya tambayi muryar wa ce. Duk sun san ta.

Jarkar ya fara jefo min, sannan ya zo da kansa. Ya fizgo ni daga baron na faɗo da ka, ya ɗauki dutsen da ake tare tayar baron ya sauke min a muƙamuƙi. Na ji haƙorana a kan harshe kamar tsakuwa. Sauran suka rufe mu duka biyu, ba sa ma zaɓe, wanda ya samu ni ya taka, wanda ya samu shi ya taka. Na ga takalma, na ga ƙura, na ji wani yana tsalle a haƙarƙarina. Abin da na gani na ƙarshe zanin cocin nan ne a kan fuskata, tana ihu tana zaginsu da Hausa da wani yaren da ban taɓa jin ta yi ba.

Ba a kunna ashanar ba. Shago yana nan.

Talata, 6 ga Mayu

Ɗaki ɗaya aka sa mu da Jonah, gado uku tsakani. Idon ya tafi, an cire. Ba ya yi min magana, ni kuma ba ni da bakin yi. Mama Prisca tana dama kunu kofi biyu. Ta ajiye nawa ba ta dube ni ba. Amma kullum sai ta ajiye.

Lahadi, 18 ga Mayu

Gida. Yaya ya gudu tun daren ranar da karyayyen hannu, an ce an gan shi a Kano. Baba Ubaidullahi ya yanke cewa ba shi ba ruwan Maikada har abada, mu ma gidanmu ba za mu shiga su ba sai an ga hali. Bana ma ba su ɗin, me za a kama.

Inna ba ta ce min komai ba sai yau. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "Da ka tsaya a kan naka laifin." Na nuna mata wayar bakina, wai ba na iya amsawa. Ta ce ta sani, shi ya sa ta faɗa yanzu.

Litinin, 2 ga Yuni

Jonah ya koma Legas. Na je tasha na tsaya nesa, ya hango ni da ɗayan idon ya yafito ni. Yanzu in zai dubi mutum sai ya juyo da kai gaba ɗaya, kuma maganarsa ta sauya, yana ɗan tsayawa kafin kowace kalma kamar yana taka ƙasa mai santsi.

Ya ce, "Sun ce za su haɗa wata gorar. Ban sani ba ko zan kawo ta nan."

Na gyaɗa kai.

Ya ce, "Ban yafe ba tukuna. Kar ka ɗauka na yafe."

Na sake gyaɗa kai. Ya shiga mota. Ni na ɗora masa jakar a but, bai hana ni ba.

Laraba, 18 ga Yuni

An cire wayar tun makon jiya. Likita ya ce ƙashi ya kama sarai, in ci abin da na ga dama.

Ruwa ya sauka, tafkin ya fara cika. Na bi ta gaɓa da safe, ba don komai ba, hanya ce. Na ga 'yan ƙananan kifi a bakin ciyawa, ban san daga ina suka fito ba. Na ɗan daɗe a wajen.

Da yamma na zauna a teburin Khuzaima, karo na farko. Aka yi ta murna, aku ya dawo, aku ya dawo. Lailatu ma ta tsaya da tallarta. Wani ya ce, "Yi mana Jonah na yanzu, mai ido ɗaya." Ya miƙo waya ya danna.

Kuma ina da muryar. Tun a tasha na ɗauke ta, juyin kan, tsayawar nan kafin kalma, duka. Tana nan a maƙogwarona a shirye, da ta fi ta farko ma.

Na ce muƙamuƙina bai warke ba. Suka ce ko kaɗan. Na ce wallahi ciwo yake, na tashi.

A hanya na sayi ƙuli-ƙuli mai tauri, na cinye kafin in kai gida.